Muryar Baba a Ƙofar Mota

Mahaifina mai cigiya ne. Ba maroƙi ba ne, kuma duk wanda ya kuskura ya kira shi haka, ranar ba zai ji da daɗi ba, domin bai taɓa yabon kowa don a ba shi wani abu ba. Aikinsa shi ne in saniya ta ɓace, ko jaki ya tsinke igiya ya yi gaba, mai abin ya zo gida ya gaya masa, shi kuma ya shiga kasuwa ya faɗa wa jama'a. Kasuwar Dogon Dutsi ita ce tasa, amma yana zuwa har Kore Mairuwa da Ɗan Kassari in kiran ya kai shi.

A wurinmu ba daga kowane baki ake karɓar cigiya ba. Ɓarawo ma zai iya tsayawa tsakiyar kasuwa ya ce saniyarsa ta ɓace, ya kwatanta wadda ya gani a ɗaure gidan wani. Shi ya sa Baba ba ya buɗe baki sai ya zaunar da mai dabbar ya yi masa tambayoyi kamar alƙali, wace ce uwarta, ina aka tsaga mata kunne, wa ya gan ta ƙarshe. In ya gamsu, sai ya ɗauki sandarsa. Mutane kuwa in sun ji muryarsa sun san an riga an bincika, ba sai sun tambayi kowa ba.

Muryar kuma murya ce. Mai kauri ce, daga can ƙasan ƙirji take tasowa. Kafin ya furta kalma ɗaya sai ya ja wani dogon gurnani da bakinsa a rufe, sannan ya buɗe da sallama. Gurnanin nan shi ke tsayar da kasuwa. Mai awo ta dakata da tiya a hannu, mahauci ya ajiye wuƙa, dillalai su bar gardama. Ina ƙarami in ya ɗora ni bisa cinyarsa yana magana, a bayana nake fara jin muryar kafin ta iso kunnena. Fulani, da yake taubasanmu ne mu Arawa, cewa suke yi ba cigiya ke maido musu da shanu ba, shanun ne ke jin kukan ɗan uwansu bajimi su dawo. Shi kuma ya ce musu ai dole, tunda masu su ba su iya kiwo ba.

Tsufa bai zo masa gaba ɗaya ba. Gwiwoyi suka fara, sannan numfashi, har ya zama in ya ja gurnanin sai tari ya sarƙe shi kafin ya kai ga sallama. Kunne ma ya yi nauyi, amma ta wata irin hanya. Jikokinsa su yi ta ihu a gabansa bai sani ba, matata ta gaishe shi sai ta maimaita har ta gaji, amma in babbar mota ta wuce bisa gudron, wato kwalta, sai ya ɗago kai ya ce wannan ta ɗauko kaya da yawa. Ana cikin haka kuma salula ta cika gari. Saniya ta ɓace da safe, kafin azahar hotonta ya zagaye wayoyin mutane. Masu zuwa ƙofar gidanmu suka ragu, suka ragu, har ya kasance Baba yana shimfiɗa tabarma biyu kowace safiya, tasa da ta baƙo, ya naɗe ta baƙon da yamma babu wanda ya zauna a kanta.

Ba ya kiran sunana, don ni ne ɗansa na fari. Wata rana na kawo masa fura ya ture ƙwaryar gefe ya ce, “Kai wanga, mutumin da ba a jin muryatai kasuwa, mi ya rage mai? Ku dai ba ku rufe ni ba tukuna.”

Na san Baba, ba ya maganar neman tausayi. Abinci ya fara ragewa, riga ta fara yi masa yawa. Na tsorata ƙwarai, kuma na san ba magani yake bukata ba.

Ina da wata tsohuwar mota da nake ɗaukar mutane da buhuna tsakanin Dogon Dutsi da Kore Mairuwa. Mota ce da ta ga duniya kafin ta iso hannuna, ƙofar baya ma da igiya nake ɗaure ta. Amma tana da rediyo mai cin kati, da lasifika ɗaya a kowace ƙofar gaba. Sai dabara ta faɗo mini. Baba ba ya iya ɗaga murya, amma yana iya magana a zaune, kuma kaurin muryar yana nan bai tafi ko'ina ba. In na naɗe ta a waya na juye a kati, na buɗe ƙofofin mota na zagaya kasuwa a hankali, ai Baba ya koma aiki. Na gaya masa da ƙarfi a kunne. Sai ya ce a kawo masa ruwa ya kurkure baki.

Muka gwada a ƙofar gida da wata tsohuwar cigiya da ya tuna. Na zaunar da shi a kujerar gaba, na kunna, na ƙara murya. Gurnanin yana farawa ƙofar mota ta ɗauki rawa. Wani irin ɓurɓuri ya fito, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana kaɗawa, gilashi yana karkarwa, lambar mota tana kaɗawa a baya. Maganar da ta biyo baya kuwa duk ta cakuɗe, ba ka rarrabe saniya da sallama. Raina ya ɓaci. Na juya zan ba shi haƙuri, sai na ga ya dafa ƙofar da tafin hannunsa yana gyaɗa kai. Ya ce, “Madalla.” Na ɗauka yana so ya kwantar mini da hankali ne, hannun kuma na zaci jikinsa yake tallafewa.

Duk da haka na kai ta kasuwa, don taurin kai irin nawa, da cigiyar wani jaki da maƙwabcinmu ya kawo saboda kunyar Baba. Ban kai ga rumfar masu hatsi ba aka fara dariya. Wani ɗan kabu-kabu ya bi ni a gefe yana cewa, “Mai mota, jakin yana ciki ne? Mun ji shi yana sakin iska.” Na tsaya na fito, ba don mutane sun shiga tsakani ba da ranar an kwana da labarina a bakin ƴan sanda. Allah ya taimake ni ban zo da Baba ba.

Ina da aboki tun muna lakwal, wato makarantar boko, yana gyaran rediyo da salula a wata ƴar rumfa bakin gudron. Tun da ya dawo daga ci-rani ya tsayar da gemu ya ɗage wando, wa'azi kaɗai ke tashi a rumfarsa, amma hannunsa na gyara bai canza ba, bakinsa ma haka. Ya saurari abin ya ce, “Bon, wanga gurnani na tsohonka shi ne matsala. Bas, kaurin nan, ya yi yawa. Ni dama tun muna yara nike ganin kamar kiran iskoki ne.”

Na ce masa, “Ubana bai taɓa taka dandalin bori ba, kuma da wannan gurnanin aka gano akuyar uwarka. Ka gyara ko in tafi.”

Ya yi dariya ya ɗauko abin kwance noti. Gaskiyar da ya fara gaya mini ita ce maganin abin shi ne babbar lasifika mai akwatinta da na'urar ƙara ƙarfi, irin na masu biki. Na tambayi kuɗinsu, da ya faɗa na ce sun fi ƙarfina. Ya ce to sai mu yi ta talakawa.

Muka ɓalle kwalin cikin ƙofa. Abin da muka tarar ya ba ni kunya. Takardar lasifikar dama ta yage daga gefe, ta hagu kuwa noti ɗaya ke riƙe da ita, ga ƙasa da ɓawon gyaɗa sun cika ramin ƙofar. Abokina ya yanko ƙyalle mai laushi daga tsohon ɗankwalin matata, ya shafa masa gam irin na masu gyaran takalma, ya liƙe yagewar gaba da baya, ya ce kada in taɓa sai ya bushe. Muka yanka tsohuwar robar cikin taya muka yi mata zobe, muka sa tsakanin lasifika da ƙarfen ƙofa don kada ƙarfe ya riƙa bugun ƙarfe. Na je gida na farke wata katifa da yara suka gama da ita, na kwaso soson muka cusa a duk inda ke da rami. Sandunan da ke ɗaga gilashi muka naɗe su da roba. Lambar mota na sa mata kwali a baya na ɗaure tam. Har cokalin shayi da ya daɗe da ɓacewa muka tsinto a ƙarƙashin kujera, ashe shi ma yana cikin masu kiɗan.

Na ɗauki makonni ina wannan aiki, in na dawo daga hanya in sake kwancewa in sake ɗaurewa. Na zama kamar mai taɓin hankali. Fasinja yana ba ni labarin rashin lafiyar matarsa, ni kuwa kunnena yana kan ƙofa ina neman inda wani ɗan ƙara ke fitowa. Kuma ba zan ce aikin banza ba ne. A ƙofar gida, in murya tana ƙasa-ƙasa, Baba ne sak, gurnanin yana fita sumul har tsikar jikina ta tashi. Amma kasuwa ba ƙofar gida ba ce. Akwai injin niƙa, akwai babura, akwai masu maganin gargajiya da nasu lasifikokin. Dole ka ƙara murya, kuma da zarar na wuce rabi sai takardar ta fara bugun kanta, ɓurɓurin ya dawo. Ya ragu, amma yana nan.

Na koma wurin abokina ina huci. Wannan karon bai yi mini ba'a ba. Ya shiga motar ya taɓa maɓallin rediyo, ya kai bas ƙasa gaba ɗaya, ya ɗaga siririyar murya, sannan ya ƙure ƙarfi. Babu ɓurɓuri ko kaɗan. Kowace kalma ta fito tsaf, har daga tsallaken gudron ana ji. Ya ce, “Ƙaramar lasifika ba ta iya ɗaukar ƙarfi da kauri gaba ɗaya. Sai ka zaɓi guda. In so kake a ji magana, ga ta nan.”

Na saurara. Gurnanin ya koma wani ɗan zuu kamar na sauro, muryar kuma ta zama ta wani mutum siriri mai mura. Ban so ba. Amma na tuna ɗan kabu-kabun nan da dariyarsa, na ce wa kaina ai cigiya magana ce, in an ji kamannin dabba an gama. Na bar maɓallin a inda ya ajiye shi.

Da kaka, bayan an kwashe hatsi an saki gonaki, lokacin da dabbobi suka fi ɓacewa, wani Bafulatani ya yi sallama a ƙofar gidanmu. Dattijo ne, daga wajen Kore Mairuwa yake, kuma tun zamanin mahaifinsa gidanmu suke kawo cigiya. Ya zauna bisa tabarmar baƙo. Ban taɓa ganin Baba ya miƙe zaune da sauri irin na ranar ba. Bafulatanin ya ce saniya ta ɓace masa, ƴaƴansa sun watsa hotonta a waya ba a dace ba, kuma shi dama bai yarda da abin da kowa ke iya turawa ba. Saniyar ta matarsa ce, da ita ta zo daga gidansu. Ya ɗaga murya ya ce, “Ba'are, an ce ka tsufa har kura ta raina ka. Da sauran bajimin ko ya mutu?”

Baba ya ce, “Bajimi na nan. Ku ne dai har yau ba ku koyi ɗaure igiya ba.”

Ya yi masa tambayoyinsa duka, ina tsakani ina maimaita masa amsa a kunne. Ja ce, mai farin goshi, ƙahon hagu ya sunkuya, an tsaga kunnen dama, tana da ciki. Sannan ya kurkure baki, na riƙe masa waya, ya ja gurnani ya yi cigiyar daga farko har ƙarshe bai yi tari ba. Da ya gama ya cinye tuwonsa tas, har ya nemi ƙari.

Ranar kasuwar Kore Mairuwa ya ce da shi za a je. Ya sa babbar rigarsa ta Idi, ya naɗa rawani, ya ɗauki sandar da ya daina fita da ita. Na zaunar da shi gaba. A bakin kasuwa muka tarar da Bafulatanin yana jira. Na buɗe ƙofofi na ɗaure su da igiya don kada su rufe, na kunna, na ƙure murya, muka shiga a hankali, mai saniya yana tafe a gefen mota.

Magana ta fita tsaf, ni kaina na ji daɗin yadda take fita. Babu wanda ya yi dariya. Amma babu wanda ya tsaya kuma. Mai awo ta ci gaba da awonta, dillalai suka ci gaba da tafa hannu. Muka wuce masu hatsi, muka wuce masu tabarmi, muka shiga kasuwar dabbobi inda na tabbata za a saurara. Wasu suka waiwayo suka mayar da kai, kamar yadda ake yi wa motar masu tallar maganin basir. Wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta matsar da farantinta don kada in taka, ta ce mini, “Ɗana, wa ke wanga cigiya? Mu ba mu san shi ba.” Mai cigiyar yana zaune gabanta da rawaninsa, amma ita lasifika take kallo.

Muka zagaye kasuwar kaf muka dawo inda muka fara. Bafulatanin ya sunkuyo ta wajena, ya yi magana ƙasa-ƙasa, babu wasa a ciki ko kaɗan. Ya ce, “Ba wannan murya na zo nema ba.”

Sai Baba ya taɓa mini gwiwa. Tun da muka shiga yana zaune a miƙe, tafin hannunsa a manne da ƙofa. Ya ce, “Kai wanga, mi kake jira? Kunna mana, rana tana yi.”

Na dube shi. Lasifikar tana ƙarƙashin hannunsa tana ta faɗin ja ce mai farin goshi, da ƙarfin da ya ishe ni ciwon kai, shi kuwa jira yake a fara. A nan na gane abin da ya ce wa madalla ranar farko. Maganar ba ta isa kunnensa tun tuni. Kaurin nan kaɗai yake ji, da rawar da ƙofa ke yi a hannunsa. Abin da na share makonni ina kashewa da soso da roba da gam, shi ne kaɗai abin da ya rage masa na muryarsa.

Wallahi na ji kamar in kifa kaina bisa sitiyari in yi kuka. Ban yi ba. Na kai hannu na murɗa bas har ƙarshe, na mayar da cigiyar can farkonta.

Gurnanin ya taso, ƙofa ta ɗauka, duk soson da na cusa bai hana komai ba. Baba ya lumshe ido ya gyara zama, leɓunansa suna bin maganar da shi kaɗai ya san inda ta kai. Muka sake shiga kasuwa. Wannan karon an waiwayo. Wasu dattawa a kasuwar dabbobi suka tsaya cak da suka ji gurnanin, na ga ɗaya ya dafa kafaɗar ɗan uwansa yana nuna motar, suka matso suna kasa kunne. Amma abin da ya biyo baya ɓurɓuri ne, ba ja ba fari, ba kunne ba ƙaho. Matasa suka fara dariya. Baba yana ganin haƙoransu ya ɗauka murna ce, yana ɗaga musu sanda. Kafin mu fita daga cikin dabbobi liƙin ɗankwalin ya sake, lasifikar dama ta yage har tsakiya. Bafulatanin ya biyo mu har bakin hanya, ya durƙusa ya yi wa Baba godiya kamar yadda aka saba, bai tsokane shi ba. Da ya tsokane shi da na fi samun sauƙi.

A hanyar dawowa Baba ya ce, “Ka gani? Sun tsaya.” Na ce sun tsaya, Baba.

Ba a ga saniyar ba. Na tambaya a tasha har na gaji, daga baya na ji an ce mai ita ya yi kudu da sauran garken. Tun daga ranar babu wanda ya sake zama bisa tabarmar baƙo. Abokina ya ce in kawo ƙofar ya sake liƙewa, ya ce ma zai nemo mini wata lasifika ta hannu mai ɗan girma. Na ce ya bari. Ko an samo ta, kasuwa ta riga ta koyi wucewa, kuma dattawan da suka san gurnanin suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Na cire soson daga ƙofar dama da hannuna, na kwance zoben roba, na sassauta noti.

Yanzu kunnen Baba ya ƙarasa rufewa, ko babbar mota ba ya ji. Abinci sai an lallashe shi. In na dawo daga hanya da la'asar nakan tarar da shi ya sa an kai shi bakin ƙofa yana jirana. In kama shi in zaunar da shi a kujerar gaba, motar tana tsaye a inuwar itacen bedi, in sa katin. Cigiya ɗaya ce a ciki, ta jar saniyar nan. Maƙwabta sun daina leƙowa, yara ma sun gaji da dariya. Yakan manna tafin hannunsa a ƙofa ya jira, in ta fara rawa ya gyaɗa kai.

Jiya da ta ƙare bai ɗauke hannun ba. Ya juyo ya tambaye ni ko an ga saniyar Bafulatanin nan. Na girgiza masa kai. Ya ce, “To sake sa ta. Wataƙila ba su ji ba.”

Na sake sa ta.